Me ya sa ƙwayar kwalara ba ta zuba dafinta sai ta shiga cikin mutum?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masanan cikinmu. Littafin da muke koyar da bayoloji da shi ya ce ƙwayar kwalara tana iya daɗewa a ruwa ba tare da ta shiga jikin kowa ba. To dafin nan da ke tsiyaye mutum cikin yini guda, a ruwan ma tana yin sa? In tana yi, wa take yi wa? In kuwa ba ta yi, ta yaya abin da ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa yake gane cewa ya bar kududdufi ya shiga hanjin ɗan Adam?

Dakta Zainab: Wa alaikumus salam Malam. A ruwa kusan ba ta yin dafin. Umarnin haɗa shi yana nan rubuce a ƙwayoyin gadonta, amma a rufe yake. Haɗa dafi aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a ruwa babu abin da zai tsinana mata. Abin da ya dame ta a can shi ne ta manne a jikin wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, ta ci daga ɓawon, ta lulluɓe kanta da yauƙi.

Idan aka sha ta, ta tsallake asid ɗin ciki ta isa ƙaramin hanji, akwai furotin biyu a fatarta, ToxR da TcpP, kowanne rabinsa na leƙen waje rabinsa na ciki. Su ne ke jin an canza wuri. Tsarin ya yi kama da na sarauta: su biyun hakimai ne, ba su bin gida-gida da kansu, dagaci suke tayarwa, wato ToxT. Sai ToxT ya tashi ake buɗe ƙwayoyin gadon dafin, tare da na wasu siraran gashi da ake kira TCP, waɗanda ƙwayoyin ke riƙe juna da su har su kafu a bangon hanji.

Virginia Miller da John Mekalanos ne suka gano ToxR a jami'ar Harvard a 1984. A 1988 aka ba wasu masu sa kai a Amurka ƙwayar da aka lalata wa ToxR ko TCP suka sha. Ƙwayar da ranta, amma ta kasa zama a hanjinsu.

Fa'iza: Anti Dakta, to mene ne ainihin abin da suke ji? Mu dai a aji an ce mana zafin jiki ne, da zarar ƙwaya ta ji digiri 37 ta san ta shiga mutum.

Aminu Lab: Ƙanwata, a wasu ƙwayoyin haka ne. Shigella mai kawo atuni da Listeria duk zafi ne babban abin da ke tayar da su. Amma kwalara tana ba mutanen lab wahala a nan. Tsohon nau'inta, wanda ya addabi duniya kafin 1961, in kana so ya yi maka dafi a kwalba sai ka raine shi a digiri 30 cikin romo mai ɗan tsami. Ka kai shi 37 cikin romo marar tsami, sai ya yi shiru. Shi kuwa nau'in El Tor, wanda ya taso daga Indunisiya a 1961 ya iso Yammacin Afirka a 1970, kuma shi ne ke damunmu har yau, wannan dabarar ba ta aiki a kansa sosai. Sai an haɗa masa romo na musamman da bakabonet, wato sinadarin da ke rage tsami, an bar kwalbar a ajiye ba girgizawa na wasu sa'o'i. Saboda haka zafi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba.

Dakta Zainab: Madalla da Aminu. Alamu da yawa take haɗawa. Ƙarancin iska na ɗaya, domin hanji ba shi da iskar shaƙa kamar ruwan tafki. Sai ruwan maɗaciya, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A cikin ruwan maɗaciya akwai wani gishiri da ke sa TcpP ya haɗu biyu-biyu ya fara aiki. Amma a cikin ruwan maɗaciyar dai akwai wani irin mai da ke shiga jikin ToxT ya ƙulle shi. Wato abu guda yana tayar da na sama yana danne na ƙasa. Man nan ya fi yawa a tsakiyar hanji inda abinci ke wucewa. Idan ƙwayar ta yi iyo ta ratsa yauƙin da ke rufe bangon hanji, man ya ragu, bakabonet ɗin da bangon ke fitarwa ya ƙaru, shi kuma bakabonet ƙarfafa ToxT yake yi. Sakamakon shi ne dafin ya fi fita daidai inda zai yi tasiri, dab da bangon, ba a tsakiya inda zai bi bayan gida ya tafi a banza ba.

Ustaz Kabiru: Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina da gyara a lafazi. Kuna ta cewa "ta ji", "ta gane", "ta san inda take". Yara suna karanta mu, kada su ɗauka wannan halitta tana da hankali da niyya. Ba ta da su. Tsari ne da Mahalicci ya ɗora ta a kai.

Dakta Zainab: Allah shi gafarta Malam, ba mu saɓa ba. Babu tunani a ciki ko kaɗan. Sinadari ne ke manne wa furotin, siffar furotin ta canza, sai ya iya kama wani gurbi a zaren gado, wato DNA, ko ya kasa. Ƙwayar da tsarinta ya dace da wurin ita ke hayayyafa ta cika gari, wadda take ɓarnar ƙarfi a inda bai dace ba sai a bar ta a baya. Muna cewa "ta ji" ne don saukin magana.

Ustaz Kabiru: To na gamsu. Lallai akwai abin lura a halittar da ido ba ya gani amma tsarinta ya kai haka.

Isufu Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni na taɓa jin wani lokotoro yana cewa ƙwayoyin cuta suna ƙirga kansu, ba su kai hari sai sun ga sun yi yawa. Na ce ashe su ma sun san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne ko zance?

Dakta Zainab: Gaskiya ne Malam Isufu. Kowace ƙwaya tana sakin ɗan sinadari a kewayenta. In su kaɗan ne sinadarin ya watse, in sun yi yawa ya taru har su ji shi. Ƙwayar Staphylococcus mai kawo maruru haka take yi: tana kaɗan ta manne ta yi lamo, in ta cika wuri ta saki gubar da ke fasa nama.

Amma kwalara ta juya abin. Ita tana kaɗan take buɗe dafi da gashin mannewa. Idan ta cika hanji, sai wani furotin mai suna HapR ya tashi ya rufe su, ya buɗe wani sinadari da ke yanke abin da ya ɗaure ta da bangon. Dafin da ta riga ta zuba ya cika hanji da ruwa, ruwan ya kwashe ta ya fito da ita waje, ta sami sabon mutum ko sabuwar rijiya. Bonnie Bassler ta jami'ar Princeton da ɗalibanta sun yi aiki mai yawa a kan wannan, su ne suka gano siffar babban sinadarin ƙirgar, CAI-1, a 2007. Sai dai ba kowane iri ke bin wannan ƙa'ida ba. Irin da aka fara karanta zaren gadonsa gaba ɗaya a 2000, HapR ɗinsa a lalace yake, kuma daga jikin marar lafiya aka samo shi.

Sista Ladi: Wannan magana ta fita waje ita ce mu muke gani da ido. Wanda bai taɓa shiga tantin masu kwalara ba ba zai gane yawan ruwan ba. Gadon da rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, abin na zuba fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ba wari irin na bayan gida sai ɗan ƙarni. Babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda cikin sa'a ɗaya. Ido ya faɗa, murya ta dushe, yatsu su yamushe, in ka ja fatar ciki ta tsaya a tsaye ba ta komawa. Ka nemi jijiya ka rasa. Amma da zarar ruwa ya shiga, wanda aka kawo ranga-ranga da safe sai ka gan shi zaune da yamma yana neman koko.

Abin da ke damuna shi ne masu jinya. Uwa ce ko matar gida za ta kwashe zanin ta wanke da hannu, ta juya ta dama wa yara kunu. Kwana biyu sai a kawo mana ita.

Aminu Lab: Sista, akwai bincike a kan wannan ma. A 2002 Andrew Camilli da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayar daga bayan gidan marasa lafiya a Bangaladash suka gwada ta da wadda aka raina a kwalba. Wadda ta fito daga mutum ta fi saurin kama ɓeraye nesa ba kusa ba, kuma wannan kaifin yana nan har bayan sa'o'i biyar a ruwan tafki, daga baya ya dushe. Ƙwayoyin gadon da take buɗewa lokacin fita daban ne da na zaman ruwa. Shi ya sa gidan da cutar ta shiga ya fi ko'ina haɗari a kwanakin farko.

Alhaji Mamman: Ni fa na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin girman iliminku. Amma ku gaya mini gaskiya, wannan ToxT da HapR, ran wa suka ceta a Bauchi ko Jigawa a 2021? A shekarar nan hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu. Ba rashin sanin ƙwayoyin gado ya kashe su ba. Rashin famfo ne, da masai kusa da rijiya, da asibitin da ba a isa sai an yi tafiyar rabin yini. Ingila ta rabu da kwalara tun kafin a san mene ne zaren gado, da magudanan ruwa ta yi. Kuɗin da ake zubawa a irin wannan bincike, da rijiyoyin burtsatse aka haƙa da shi da an fi ganin amfani.

Isufu Maradi: Alhaji ya faɗi gaskiya. Wadda ta faɗo muna a Madarunfa a 2018, ruwa ne da zirga-zirgar iyaka. Ba mu ga wani magani na zamani ba, ruwan gishiri da sukari ne da ƙarin ruwa suka yi aiki.

Dakta Zainab: Ranka ya daɗe Alhaji, a kan ruwa ba ni da ja. In aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin famfo da lab, famfo zan zaɓa. Amma ruwan gishiri da sukarin da Malam Isufu ya ambata, daga ina ya fito? Sambhu Nath De ya nuna a Kalkata a 1959 cewa dafi ne ke jawo gudawar. Daga baya aka gane dafin ba ya fasa hanji, ƙofar fitar gishiri yake bari a buɗe, ruwa ya bi gishirin. Aka kuma gane akwai wata ƙofar da ke shigar da gishiri tare da sukari wadda dafin bai taɓa ba. Ta wannan ƙofar ORS, wato ruwan gishiri da sukarin, ke bi. A 1971 Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Indiya da Bangaladash lokacin da ruwan ƙari ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Sachet ɗin da ake sayarwa a kemis ɗin unguwarku daga teburin bincike ya taso.

Alhaji Mamman: Wannan na yarda da shi, 'yata. Amma wannan sanin yadda dafin ke aiki ne. Ni sanin yadda ake kunna shi da kashe shi nake tambaya. Ina maganin da ya fito daga nan?

Dakta Zainab: Na kwalara kai tsaye, babu shi a kasuwa tukuna. A 2005 Deborah Hung ta samo wani sinadari, virstatin, da ke hana ToxT aiki. Ya kare jariran ɓeraye ba tare da ya kashe ƙwayar ba. Bai zama maganin mutane ba, kuma tun a lab aka ga canjin harafi guda a ToxT ya isa ƙwayar ta kuɓuce masa. Ga kuma matsalar lokaci: kafin a kawo mutum asibiti dafin ya riga ya shiga, rufe masana'antar a lokacin ba zai janye wanda ya fita ba. Amma a wasu cututtukan ilimin yana gaban likita kullum.

Dakta Bashir: Bari in shigo nan, domin ni a ɗakin yara nake. Alhaji, ɗauki mashaƙo da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, ya kuma taɓa Matamaye a jihar Damagaram. Ƙwayar mashaƙo tana iya zama a maƙogwaro ba ta da dafi sam. Victor Freeman ya nuna a 1951 cewa sai wani bairos mai harbin bakteriya ya shige ta ya ba ta ƙwayar gadon dafin. Kuma ko ta samu, akwai furotin mai suna DtxR da ke zaune a kan gurbin ya toshe shi muddin akwai sinadarin ƙarfe. Jikin mutum kuwa ɓoye ƙarfensa yake yi don kada ƙwayoyin cuta su samu. Da ƙarfe ya yi mata ƙaranci sai DtxR ya saki, dafi ya fito. Shi ne ke kashe naman maƙogwaro ya yi farar fatar nan mai toshe numfashi, ya bi jini ya taɓa zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da iyaye suke ganin yaro ya warke.

Masu haɗa rigakafi da wannan sanin suke aiki. Tun 1936 Alwin Pappenheimer ya lura yawan dafin da ƙwayar ke yi a kwalba ya danganta da ƙarfen da ke cikin romon. Har yau romo mai ƙarancin ƙarfe ake raina ta a ciki don ta zuba dafi da yawa, a kashe kaifinsa, a sa a allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14.

Maman Ihsan: Dakta, to in haka ne, in aka ba yaro maganin ƙarin jini mai ƙarfe a ciki, ba zai hana dafin fita ba?

Dakta Bashir: A'a Hajiya, don Allah kada a gwada. Ƙarfen da aka sha jiki zai kama shi ya ɗaure, ba zai isa ga ƙwayar a sake ba, kuma wasu ƙwayoyin cutar ƙarfen suke nema su ƙara ƙarfi. Yaron da wuyansa ya kumbura, yana zazzaɓi, ga farin abu a maƙogwaro, asibiti za a kai shi a ranar. Allurar karya dafi tana kama wanda ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shige cikin nama ya wuce ta. Kuma kada a bari wanzami ya taɓa wurin.

Fa'iza: Ikon Allah. Anti Dakta, to ita ma kwalarar aro ta yi?

Dakta Zainab: Ita ma. Matthew Waldor da Mekalanos suka gano a 1996 cewa ƙwayoyin gadon dafin kwalara na wani bairos ne da ya shige ta. Kuma ta jikin gashin TCP ɗin nan yake shiga, wanda ToxT ke buɗewa. Shi ya sa cikin iri sama da 200 na wannan ƙwaya, biyu ne kawai ke tayar da annoba, O1 da O139. Sauran suna nan a ruwa, mafi yawansu ba su da dafin.

Nura Kemis: Ni tambayata ta shago ce. Da damina ta faɗi, duk wanda cikinsa ya ɓaci zai zo ya ce a ba shi Flagyl da kafso ja da rawaya. In ka miƙa masa ORS sai ya ga kamar ka raina ciwonsa. Shin akwai inda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke ƙara tayar da dafin?

Dakta Bashir: Akwai, Malam Nura. Wani nau'in bakteriyar E. coli, O157:H7, mai kawo gudawa da jini, dafinsa ma na bairos ne da ke kwance a cikinsa. Magani irin ciprofloxacin yana lalata zaren gadon ƙwayar, bairos ɗin ya farka ya hayayyafa, dafin ya ninku, kuma dafin ƙoda yake bugawa, musamman a yara. Don haka in ana zargin wannan nau'in ba a ba da shi. Amma a lura, gudawa da jini a wajenmu sau da yawa Shigella ce, ita kuwa tana buƙatar magani. Rarrabe su aikin asibiti ne. Akwai kuma akasin haka: a wasu munanan cututtukan fata da nama muna ƙara clindamycin musamman domin yana tsayar da haɗa guba.

Flagyl kuwa ba ya taɓa ƙwayar kwalara. Masu tsanani muna ba su doxycycline ko azithromycin don rage kwanakin gudawar, amma bayan an fara mayar da ruwa. Wanda ya zo maka da gudawa kamar ruwa, ka haɗa masa ORS a lita guda ta ruwa mai tsabta ya fara sha tun a shagon, sannan a wuce da shi.

Malam Habu: Wani abu ya rage mini. Gida ɗaya, randa ɗaya, wani ya kwanta wani ko gezau. Shi ma daga ƙwayar ne?

Dakta Zainab: Rabi daga ita, rabi daga mu. Mafi yawan waɗanda suka sha ta ba sa nuna alama ko kuma gudawar ta zo da sauƙi, amma suna zubar da ita har kwana goma. Asid ɗin ciki yana kashe da yawa, don haka mai shan maganin olsa kullum ya fi saurin kamuwa. Masu jini rukunin O ta fi yi musu tsanani. Sai kuma ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanjinmu. A 2014 aka bi hanjin waɗanda ke murmurewa a Dhaka, aka ga wata bakteriya, Ruminococcus obeum, tana dawowa, kuma a ɓeraye an ga sinadarin ƙirgar da take saki yana sa ƙwayar kwalara ta rage buɗe kayan mannewarta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa nake jin takaicin yadda ake shan kafso ba dalili, domin su yake fara sharewa.

Alhaji Mamman: Na ji bayanin mashaƙo, kuma ya shige ni, don jikokina duk an yi musu Penta. A kan kwalara dai ina nan a kan bakana, a ba mu ruwa tukuna. Sista, rijiyar masallacinmu masai na maƙwabta bai fi taku goma da ita ba, ga damina ta kusa. Kafin mu tara kuɗin burtsatse me za mu yi?

Sista Ladi: Baba, taku goma ya yi kusa ƙwarai, ƙa'ida ita ce kimanin mita 30. Ku ɗaga bakin rijiyar da siminti, ku yi mata murfi, a ware guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa. Na alwala a bar shi na alwala, amma na sha a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gauraye a tace shi da tsabtataccen ƙyalle ninki huɗu kafin a sa maganin. Ku kuma je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku nemi jami'in duba-gari ya zo ya ga masan da idonsa.